Takarda Zuwa ga Hajiya Wayar Salula

Takarda ta fito daga hannun wani malamin sakandare a Kano zuwa ga Hajiya Wayar Salula, uwar ɗakin yaran zamani. Gaisuwa mai yawa, da fatan an wuni da caji.

Bayan haka, malam ya san asalin Hajiya. A 2001 ta sauka Najeriya, zamanin Obasanjo, lokacin da kuɗin layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma ba a ganinta sai a aljihun manyan alhazan Kantin Kwari. Iyakar rabon yara da ita a lokacin wasan maciji ne, shi ma sai baba ya shiga wanka. Yau ga ta kwance ƙarƙashin filon ɗan aji uku.

Kan dare ne malam ya kawo ƙara. Likitoci sun ce matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, amma Hajiya ta haɗa baki da kamfanonin layi, waɗanda garaɓasar datarsu ba ta tashi sai gari ya yi tsit. Yaro ya ja bargo ya rufe kai, ya ce bari ya kalli bidiyo ɗaya a TikTok. To, an gina wurin ne yadda kafin wannan ya ƙare wani ya hau, kuma wanda ya hau ɗin irin wanda ido ya daɗe a kansa ne jiya. Sai kiran assalatu. Ƙarfe takwas malam na gaban allo yana fama da darasi, rabin aji na amsa masa da ka, shi kuwa ya ɗauka ganewa ake yi, ashe gyangyaɗi ne. Kuɗin tara ma, da a da ake sayen awara da shi, yanzu rabonsa ake yi tsakanin mai kati da mai caji.

Sai batun rubutu. Sallama ta koma "slm", gaisuwa "ykk", amsa "lfy". An yi wa ƙ da ɗ da ɓ aski, har baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa. Malam ya taɓa cin karo da "ngd" a ƙarshen takardar jarrabawa. Ya ba da maki ɗaya, saboda ladabi.

Ba a ƙi faɗin alherin Hajiya ba. A 2020, da korona ta rufe makarantu, ita da rediyo suka riƙe karatun yara da dama. Tun 2015 da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaron da ya saba latsa ta ya fi shiga ɗakin da nutsuwa.

Amma Hajiya ta sani, a wasu ƙasashen an fara taka mata birki. Faransa ta hana ta shiga firamare da ƙaramar sakandare a 2018. A 2021 Sin ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa uku a mako na wasannin intanet. Ostireliya kuma a 2024 ta yi dokar raba 'yan ƙasa da 16 da shafukan sada zumunta. A nan gida dokar ita ce, "Kawo wayar nan!" Uwa ta ƙwace da hagu, dama na riƙe da tata, tana sauraron saƙon murya na zauren 'yan biki. Malam ba zai zurfafa a nan ba, don shi ma matarsa na da abin faɗi.

Roƙonsa ɗaya ne, a yi rabon kwana kamar kowane gida mai kishiya: daga isha zuwa asuba Hajiya ta bar wa barci yaran.

Ya so ya aiko da takardar nan ta gidan waya. Da ya tambayi 'yan aji wa zai kai masa, mutum uku suka ɗaga hannu, dukansu kuma kasuwar wayoyi ta Farm Centre suke nufi.