Awakin Baba Nawa Ne?

Ɗan ƙanena, ɗalibi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ya zo garin Dogo hutu da takardar tambayoyi, wai malaminsu ya ce ƙididdiga sai an taka ƙasa. Ya durƙusa gaban wani dattijo.

"Baba, awakinka nawa?"

"Masu haraji suka aiko ka?"

"A'a, karatu ne."

"To, rubuta uku." Ga goma sha ɗaya a bayansa suna cin harawa.

"Iyali fa?"

Baba ya gyara zama. "Gero za a raba? Ashirin da bakwai, ban da na goye."

Yaro ya buga lissafi a waya: kowace akuya mutum tara ke tatsa. Nan na tausaya wa ma'aikatan hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da suka yi ƙidayar jama'a ta 2012.