Yadda Ake Zaɓen Tayar da Za a Ɗora wa Laifi

Duk mai niyyar shiga harkar hawan keke a duwatsu ya san abu ɗaya tun kafin ya taɓa aljihunsa: zai faɗi. Zai kuma zo na ƙarshe a tudu yana haki, abokansa sun riga sun kai sama, sun sha ruwa, suna ɗaukarsa hoto. Wannan ba makawa. Abin da ya rage masa shi ne ya tanadi wanda zai ɗora wa laifi, kuma a duk jikin keke babu mai ɗaukar laifi da haƙuri kamar girman taya. Birki ana gyara shi, sarƙa ana sa mata mai, in sun ba ka kunya sakacinka ne. Taya kuwa da girmanta ka saye ta, babu mai cewa kai ka jawo.

Kasuwa ta yi maka gata, ta ba ka lamba uku: 26 da 27.5 da 29. Za a ce maka inci ne. Ka amsa da "to", kada ka ɗauko abin awo, don za ka ɓata wa mai shago rai. Lambobin nan kintace ne na tsayin taya bayan an hura ta, kuma yana sauyawa da kaurin robar da aka sa. Awon gaskiya yana jikin wili, daidai inda bakin taya ke zama: milimita 559 ga mai 26, 584 ga mai 27.5, 622 ga mai 29. Yi lissafi da kanka. Daga ta farko zuwa ta biyu milimita 25 ne, daga ta biyu zuwa ta uku 38. Wato wadda ake sayar maka a matsayin ta tsakiya ba a tsakiya take ba, ta fi kusa da ƙaramar, suna kawai aka yi mata mai daɗin ji.

Ga kuma wadda za ka adana don ranar musu a majalisa. Tsohon keken Raleigh ko Phoenix da kakanka ya riƙa kai buhun gero kasuwa a kansa, tayarsa 28 aka rubuta mata, amma wilinsa milimita 635 ne. Ya fi na 29 girma da milimita 13. Duk wanda ya zo yana yi maka alfahari da babbar taya ta zamani, ka gaya masa cikin ladabi cewa a gidanku an daɗe da wuce nan, har da kariya da ƙararrawa.

Kada ka ɗauka wani dogon bincike ne ya haifi 26. A shekarun 1970, wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya, irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn masu kaurin taya suna gangarowa da su daga tsaunukan yankin Tamalpais, birki na zafi har man cikinsa ya ƙone. Tayar da ke jikin waɗannan kwarakwatsan ita ce 26, ita ce mai kauri da ake samu a shago, shi ke nan dalilin. Da kamfanin Specialized ya fito da keken Stumpjumper a 1981, da ita ya fito, duniya ta bi. Aka shekara ashirin ana hawa, ana cin gasa, ana karya ƙashin wuya cikin kwanciyar hankali, ba wanda ya lura ashe tayar ta yi ƙanƙanta. Sai a 1999 kamfanin WTB ya yi roba mai kauri da ta dace da wilin 622, wanda dama shi ne na kekunan tseren kwalta, aka sa mata suna 29, Gary Fisher ɗin nan dai ya shiga gaba wajen tallarta. A 2007 wani maƙerin kekuna, Kirk Pacenti, ya farfaɗo da wani tsohon awon Faransawa, shi ya zama 27.5. Kafin a ankara, wajen 2014, manyan kamfanoni sun juya wa 26 baya. Darasin farko ke nan: keken da ka saya bai lalace ba, an dai sanar da kai cewa ya tsufa.

To wace za ka ɗauka? Ka fara da tambayar kanka wane irin uzuri ya fi dacewa da halinka.

Idan kai mai son a gan ka da natsuwa ne, ɗauki 29. Amfaninta ba ƙarya ba ne. Ka tura baro ka tarar da dutse, tayarsa tokarewa take yi, sai ka ja baya ka ɗaga; amalanken shanu kuwa ya bi ta kan dutsen nan ko a jikinsa. Babbar taya tana haɗuwa da cikas a kaikaice, ta hau shi sannu, ba ta dungure shi gaba da gaba ba, kuma ba ta faɗawa can cikin ƙananan ramuka. Inda take taɓa ƙasa ya ɗan fi tsawo, don haka ta fi kama tsakuwa da yashi a hawa. In ta ɗauki gudu ba ta saurin sakinsa. A hanya mai gargada da saiwoyi za ka ji kamar an yi mata gyara jiya da daddare, sai ka fara zargin cewa ka iya keke. Wannan zargi shi ne haɗarinta na farko.

Sauran haɗuranta su ne dukiyarka. Ta fi nauyi, nauyin kuma yana can gefe inda ya fi wuyar juyawa, saboda haka tashinta daga tsaye sai da lallashi. Kowane juyi ɗaya tana cin ƙasa kimanin mita 2.3, ta 26 kuwa wajen 2.1, ma'ana giyar da ka saba da ita za ta yi maka tauri sai an rage haƙoran gaba. Wayoyin wilin sun fi tsawo, wilin ya fi lanƙwasa in an matsa masa a kwana, har sai da kamfanoni suka faɗaɗa cibiyar baya zuwa milimita 148 wajen 2015 don su ƙarfafa shi, abin da ya sa tsohon wilinka ba zai shiga sabon kekenka ba. Allah ya saka musu. Keken kansa ya fi tsawo, a matsattsiyar kwana sai ka nemi izininsa tun daga nesa. Duk ranar da ka zarce cikin ƙaya maimakon ka karya kwana, ka miƙe, ka kakkaɓe wando, ka ce: "Ai ka san 29, ba ta son kwana." Za a gyaɗa kai. Babu mai tambayar inda idonka yake lokacin.

Gajeren mutum ya yi hattara a nan, ba wasa. A gangara mai tsanani dole mahayi ya ja jikinsa baya, ya sauko bayan sirdi, kuma a nan ne babbar tayar baya ke jiransa. Robar mai ƙurajen nan tana gudu ta shafi mazaunai, ka ji wata ƙara, wando ya shaida. In kuma keken ƙarami ne, yatsun ƙafarka na iya taɓa tayar gaba in ka juya kai. Shi ya sa kamfanoni da dama ke sa 27.5 a ƙananan kekunansu, 29 a manya. Ba su faɗa maka a fili cewa tsawonka ne ya yanke hukuncin, kai ma kada ka faɗa.

Mai 27.5 shi ne mutumin da ya zo wasa. Kekensa ya fi saurin tashi, ya fi sauƙin ɗaga gaba, ya fi biyayya in ana jefa shi hagu da dama tsakanin itatuwa, a tsalle kuma ba ya gardama a sama. In an bar ka a baya a doguwar hanya, uzurinka a shirye yake: kai ba tsere ka zo ba, jin daɗi ka zo, masu 29 kuwa tayarsu ce ke yi musu aikin. Ka faɗi wannan bayan numfashinka ya dawo, don in ka faɗa kana haki ba ya shiga.

Ita kuwa 26, masu talla sun yi mata jana'iza tuntuni, amma ba a sanar da ita ba. Yawancin kekunan dutse na gwanjo da ke sauka a kasuwanninmu ita ce a jikinsu, kuma duk mai gyaran keke a gindin bishiya yana da tib ɗinta da robarta a rataye. Wanda ya sayo 29 daga waje ya tafi gwada ta a duwatsun Shere da ke Jos, ranar da dutse ya tsaga masa roba zai gane cewa zamani ma yana da kuɗin mota. Mai 26 yana da uzurin da ya fi na kowa ƙarfi: in ya zo na ƙarshe, tsohon yayi yake hawa, in ya riga wani, ya samu labarin da zai yi shekara yana bayarwa.

In ka kasa zaɓa, akwai hanyar masu son a raba gardama: 29 a gaba, 27.5 a baya. Ta gaba ta haye duwatsu, ta baya ta karya kwana ta kuma bar wandonka lafiya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a da ba ta yarda da taya biyu masu girma daban a gasa ba, sai a 2019 ta sassauta, kuma a shekarar ce Bafaranshe Loïc Bruni ya ci kambun duniya na tseren gangara a Kanada da irin wannan haɗi. Fa'idarsa gare ka ita ce uzuri biyu a keke ɗaya. In ka faɗi ta gaba, babbar ce. In baya ya zame, ƙaramar ce.

Yanzu sai makaman musu, don babu amfanin taya in ba za ka iya kare ta da sunayen Turawa ba. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Jaroslav Kulhavý na Jamhuriyar Cek ya ci zinare a kan 29, Nino Schurter na Suwizalan ya zo na biyu a kan 27.5, tazararsu daƙiƙa ɗaya bayan kusan awa ɗaya da rabi ana fafatawa. In kai ɗan 29 ne, ka tsaya a kan zinaren. In ɗan 27.5 ne, ka tsaya a kan daƙiƙar, ka ce ko atishawa ta fi haka. Amma ka yi saurin sauya magana kafin wani ya tuna cewa Schurter ɗin da kansa ya koma 29 ya ci zinare a Riyo a 2016. Masu 29 su ƙara da Greg Minnaar na Afirka ta Kudu, wanda ya ci gasar gangara a Fort William ta Sikotilan da ita a 2017, lokacin da ake ganin ba ta dace da gangara ba. Abin da ba a faɗa shi ne Minnaar dogo ne sosai, kuma tun yana kan ƙaramar taya yake cin kambun duniya.

Akwai wani sirri da nake roƙonka ka riƙe a cikinka, don yana iya rusa duk wannan sana'a. Irin robar da ka sa da yawan iskar da ke cikinta suna sauya tafiyar keke ƙwarai, wani lokaci fiye da tazarar da ke tsakanin 27.5 da 29. Masu hawa da taya marar tib, mai ruwan liƙi a ciki, sukan bar iskar tsakanin 20 da 30 a ma'auni, don robar ta lanƙwashe ta rungumi dutse. Mai faci kuwa zai ɗura mata iska har ta yi tauri, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce ta yi. Da wannan taya za ka riƙa tsalle daga dutse zuwa dutse ko da 29 ce. Rage iska kyauta ne, shi ya sa ba ka taɓa ganin tallarsa ba. In ka rage ka ji keken ya gyaru, kada ka gaya wa kowa, ka ce sabon wilin ne.

Kada kuma ka saki jiki. A 2025 an nuna kekunan gwaji masu taya 32, kuma bayanin da ake yi musu shi ne wanda aka yi wa 29 tun farko, lamba kawai aka sauya: ta fi haye duwatsu, ta fi riƙe gudu. Ka fara shirya jawabin da za ka yi wa uwargida tun yanzu, ka kuma auna bayan motarka, don 29 ma sai an cire tayar gaba take shiga.

Kafin nan, ka sa tib ɗin 27.5 guda ɗaya a jaka. In ta ɓaci yana miƙewa ya shiga 29, yana kuma cusuwa cikin 26, ya kai mutum gida. Ranar da tsidau ya huda tayar abokin musunka a tsakiyar daji, kada ka miƙa masa nan take. Ka zauna a kan dutse, ka buɗe gorar ruwa, ka tambaye shi wace taya ce ya ce ta fi.