Muftan Benci a Zamanin Annoba

Sanannen abu ne ga duk wanda ya zauna a birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, cewa babu wata mas'ala a bayan ƙasa, komai zurfinta, komai daɗewar da masana suka yi suna kai-kawo a kanta, da za ta kwana ba a warware ta ba, matuƙar an kawo ta majalisar bakin titi bayan sallar Isha'i, kuma mai shayi bai tashi ba. A nan ake naɗa gwamna a tuɓe shi, a yanke wa dala farashi, a raba gadon attajirin da bai riga ya mutu ba. Amma ilmin majalisa bai taɓa bunƙasa ba irin yadda ya yi a shekarun 2020 da 2021, sa'ad da Allah Ya jarrabi duniya da annobar korona, Ya kuma jarrabi magoya bayan Arsenal da Arsenal.

Asalin al'amarin shi ne, a watan Maris na 2020 aka dakatar da gasar Firimiya ta Ingila, aka yi wata uku cur ba a taɓa tamaula ba, gidajen kallo suka rufe, sai aka wayi gari dubban shaihunnan da suka saba koya wa Arteta da Solskjaer yadda ake jera 'yan wasa sun rasa aikin yi. Da yake kuwa hazaƙa ba ta iya zaman banza, sai suka karkata gaba ɗaya zuwa ilmin ɗibbu. Ko da aka dawo wasa a watan Yuni, ba wanda ya ajiye sabon muƙaminsa. Kowa ya haɗa rawani biyu a kai ɗaya.

Abin da ya cancanci mai hankali ya tsaya ya yi nazari shi ne bambancin manhajin da malamin benci yake bi a fannonin nan biyu. A fannin ƙwallo, wallahi ban san mai tsananin binciken isnadi kamarsa ba. Ka kuskura ka ce Ronaldo ya fi Messi cin ƙwallo a kaka kaza, nan take za a nemi hujja, a zaro wayoyi, a bi ruwayar daki-daki, a tambaye ka ko ka haɗa da bugun fenariti, in an same ka da kuskuren ƙwallo ɗaya tak a jefar da shaidarka har abada. Ya haddace cewa Liverpool ta yi shekara 30 tana jiran kofin, daga 1990 zuwa 2020. Ya san ranar 14 ga Agusta 2020 ce Bayern ta yi wa Barcelona ci 8 da 2 a Lisbon, har ya san Coutinho ne, wanda Barcelona ta ba da aro, ya zuba biyun ƙarshe. To, wannan mutumin da ba ya karɓar labarin ƙwallo sai da shaidu adilai, shi ne idan aka turo masa muryar wani a WhatsApp, wanda ba a san sunansa ba balle garinsu, yana cewa abokin yayansa da ke aiki a filin jirgi ya ji daga bakin wani likita a Jamus cewa akwai na'ura a cikin allurar rigakafin korona, sai ya gyara zama, ya girgiza kai, ya ce, "Ai dama mun faɗa." Da ruwayar ta zaga waya goma a benci ɗaya, shi ke nan ta zama mutawatira.

Ranar 2 ga Maris 2021 allurar AstraZeneca ta sauka a Abuja, kusan miliyan 4. Bayan kwana huɗu aka nuna Shugaba Buhari a talabijin ana yi masa. Majalisa ta zauna ta yi ijma'i cewa ruwa aka ɗura masa. Da kuwa bai yarda an yi masa ba, da ijma'in ya kasance cewa ya san abin da ke ciki shi ya sa ya ƙi. Daga nan aka shiga babin mayen ƙarfe, samari suna manna cokali a dantsen duk wanda aka ji ya je asibiti, ba tare da la'akari da cewa a zafin Afrilu na Kano, mutum yana zufa, ko bai taɓa ganin allura ba cokalin shayi zai iya lafewa a jikinsa. Aka kuma yanke hukunci cewa duk wanda aka yi wa, shekara biyu gare shi. Wa'adin ya cika ya wuce, mutanen suna nan suna cin tuwo, wasu har sun ƙara aure, amma ba a nemi muftin ya yi bayani ba, domin a majalisa ba a bin bashin fatawa, kamar dai yadda ba a tuna wa mai cewa "bana kofi namu ne" a kowane Agusta abin da ya faɗa idan Mayu ta zo.

A ƙarshen Agustan 2021, lokacin da Arsenal ta buga wasa uku na farkon kaka ta sha kashi a duka ukun, aka zura mata ƙwallo 9 ba ta rama ko ɗaya ba, tana can ƙarshen teburi, wani tela mai goyon bayanta ya dubi wani malamin asibiti da ƙaddara ta kawo shan shayi, ya ce, "Malam, don Allah allurar da ku da kanku kuka ce kashi 70 cikin 100 take karewa, sauran 30 ɗin wa kuka bar wa?" Malamin ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Maigida, kai ƙungiyar taka kashi nawa take karewa?" Tela ya ce wannan ƙiyasi ne ɓatacce, domin ita ƙwallo sai an yi haƙuri, a ba koci lokaci, gini ake yi. Koci yana da uzurin shekara uku. Masu binciken da suka gwada allura a jikin dubun dubatan mutane ba su da uzurin minti ɗaya. Gaskiya ne hukumomin Turai sun tabbatar da cewa allurar ta jawo daskarewar jini ga mutane ƙalilan daga cikin miliyoyin da aka yi wa, kuma haƙƙin kowa ne a gaya masa haka ba ɓoye-ɓoye. Sai dai telan nan da yake tsoron wannan haɗari, shi ne yake hawa babur su uku ba hular kwano don kada a take wasa ba ya nan, kuma shi ne yake sayen jiƙo a gora daga motar nan mai lasifika, wanda aka ce yana maganin basir da taifot da sanyin ƙashi da baƙin jini a wajen 'yan mata, ya shanye bai tambayi kashi nawa yake karewa ba.

Ba zan yi wa dattawa rashin adalci ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu a 2009. Wannan tabo yana daga cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003. Dattijon da ya kawo wannan hujja ya cancanci a rusuna a ba shi amsa. Amma saurayin benci ba ita yake kawowa ba, shi Bill Gates ya sani. Ranar 25 ga Agusta 2020 kuwa, da aka shelanta cewa an raba Afirka da ƙwayar shan-inna ta asali, albarkacin ɗigon nan da aka daɗe ana zagi, majalisa ba ta samu sukunin tattaunawa ba, saboda shekaranjiyar ranar Bayern ta ɗauki kofin Zakarun Turai.

Ranar da kogunan ilmin biyu suka haɗu ita ce 12 ga Yuni 2021, sa'ad da Christian Eriksen na Denmark ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa da Finland. Kafin a fitar da shi daga fili an gama rubuta fatawa: allura ce. Da wani shugaba a ƙungiyarsa ta Inter Milan ya fito ya ce ba a ma yi wa yaron allurar ba, sai aka ce an saye bakinsa. Da Joshua Kimmich na Bayern, wanda ya yi ta jan ƙafa, ya kamu da cutar har ta taɓa masa huhu, ya fito ya yi nadama a bainar jama'a, sai aka ce wannan ruwaya mai rauni ce, ba a gina hukunci a kanta. Da Klopp, kocin Liverpool a lokacin, ya tsaya kai da fata yana kira a yi allura, 'yan Liverpool suka yi masa taƙlidi, 'yan Manchester United kuwa suka ƙara tabbata akwai lauje cikin naɗi, musamman bayan ya je har gidansu a watan Oktoba ya zuba musu biyar ba ko ɗaya.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa, ƙasar Saudiyya ce ta yi shi da takarda guda. Bayan shekara biyu ba a bar baƙi sun je Hajji ba, aka buɗe ƙofa a 2022 bisa sharaɗin katin allura. Sai ga babban muftin benci, Alhajin da ya fi kowa sanin sirrin Yahudu da Nasara, a cikin layi da sassafe, ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Da dare yara suka tare shi, wani ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe kai ma?" Alhaji ya ce larura takan halatta abin da aka hana, kuma shi a hannun hagu ya sa aka yi masa, ba wanda yake cin abinci da shi ba. Wani mara kunya ya miƙo cokali. Alhaji ya ture hannunsa, ya ce, "Kai, tafi can! Ku gaya mini, ranar Asabar da Ronaldo za a fara ko benci zai sake zama?"