Surukuta Ta Kan Katanga

Niyyata gyaran iri ce. Kajinmu na gida ƙanana ne, ƙwansu bai cika cokali ba, sai na sayo wani ƙaton zakaran gidan gona mai jan zanko, na sake shi a tsakar gida. Uwargida ta ƙare masa kallo ta ce, "Malam, wannan na miya ne ko na aure?"

Tsohon zakaranmu, ɗan tsurut da shi, bai yarda da kishiya ba. Kullum da asuba sai dambe a bakin akurki, kuma kullum ƙaton ne ke ɓuya bayan randa. Kajin kuwa su ne suka sha wahala. Zakara ɗaya yakan ishi kaji kamar goma, mu ga zakaru biyu a kan 'yan kaji ƙalilan. Barbara ba hutu, har gashin bayansu ya tsige, ƙeyarsu ta yi sanƙo, saboda nan zakara ke cafkewa da baki in zai hau.

Na yanke hukunci, tsohon ya shiga tukunya. Da yake kaza kan riƙe irin zakara a jikinta har wajen mako biyu bayan barbara, sai muka yi ta soye ƙwan wannan tsakanin don kada marigayin ya bar magada. Daga nan na tara sabbi, na sa wa wata kaza mai kwanci.

Shi ko ango, da fage ya zama nasa, sai ya rungumi kwanon dusa. Zakaran kirki in ya ga tsaba yakan kira matansa, ya saki fiffike ɗaya yana zagaya su. Namu ture su yake yi ya cinye, ya kwanta a inuwa yana haki.

Kwana 21 cif aka ƙyanƙyashe. Na raba wa yaran unguwa alewa. Da 'yan tsakin suka fara fitar da gashi, sai ga shi duk a murɗe, yana kallon sama. Fingi! A duk layinmu kuwa mutum ɗaya ne ke da zakara fingi, kuma katanga ɗaya ce ta raba mu.

Da yamma maƙwabcin ya yi sallama, ya leƙa akurki, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ashe mun zama surukai. Sadaki na yafe, amma tsako biyu nawa ne."