Jinjina Ga Masu Hutar Da Talaka Wahalar Zaɓe

A gaishe da dattawa goma sha biyu na Majalisar Kare Tsarin Mulki ta Iran. Sannunku da ƙoƙari. A wasu ƙasashe ana barin talaka da ɗan karen aiki: ya saurari wannan ɗan takara, ya auna wancan, ya kwana yana saƙa da warwara kafin ya dangwala ƙuri'a. Ku kuwa kun tausaya wa mutanen Tehran da Isfahan da Tabriz, kun ɗauke musu wannan nauyi. Kafin ranar zaɓe ta zo kun riga kun zaɓa musu waɗanda za su zaɓa.

Dubi yadda aka gina majalisar ma, abin sai son barka. Malaman fiƙihu shida jagoran addini ne ke naɗa su. Masana shari'a shida kuma shugaban ɓangaren shari'a ke gabatar da sunayensu, shi ma jagoran ne ya naɗa shi. Majalisar dokoki ce ke amincewa da waɗannan shida, ita kuma ba wanda zai zauna a ɗaya daga kujerunta 290 sai sha biyun nan sun tantance shi. Ina ɓaraka za ta shigo? Ayatullahi Ahmad Jannati, wanda aka haifa a 1927, ya karɓi ragamar Majalisar Kare Tsarin Mulkin tun 1992, ya yi ta riƙo har ya haura shekara casa'in, don kada matasa su wahala.

An taɓa yin sakaci, gaskiya. A 2000 an bar masu ra'ayin kawo sauyi sun shiga takara, jama'a kuma suka yi abin da aka san jama'a da shi idan an sake musu: suka ba su rinjaye. Nan da nan sababbin 'yan majalisa suka ɗauko gyaran dokar 'yan jarida. Allah ya taimaka, a watan Agusta na shekarar jagoran addini Ayatullahi Khamenei ya aiko da wasiƙa a ajiye maganar, shugaban majalisa Mehdi Karroubi ya ajiye. Da zaɓen 2004 ya zo aka gyara kuskuren da kyau. An hana dubban mutane tsayawa, cikinsu har da 'yan majalisa masu ci kusan 80, da Mohammad Reza Khatami, ƙanin shugaban ƙasa kuma mataimakin shugaban majalisa. Sun yi zaman dirshan a zauren, fiye da 120 suka miƙa takardun murabus. Ko gezau ba ku yi ba. Wannan shi ne tsayawa kan aƙida.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin son kai. Rariyarku ba ta san ɗan gida ba, kullum idonta ƙara ƙanƙancewa yake. Akbar Hashemi Rafsanjani, na hannun daman Imam Khumaini, wanda ya shugabanci majalisar dokoki sannan ya yi shugaban ƙasa shekara takwas, bai wuce ba a 2013. Hassan Khumaini, jikan Imam ɗin da kansa, bai wuce ba a 2016 da ya nemi kujera a Majalisar Ƙwararru mai zaɓen jagoran addini. Ali Larijani ya riƙe majalisar dokoki shekara goma sha biyu, amma a 2021 aka gano bai cancanci neman shugabanci ba. Hassan Rouhani ya sauka daga mulki a 2021, a farkon 2024 aka rufe masa ƙofar Majalisar Ƙwararrun da ya shekara fiye da ashirin a cikinta. Wace ƙasa ce ke da tsantseni irin wannan, har ta gano cewa waɗanda suka kafa ta ba abin amincewa ba ne? Ko wanda ya ci zaɓe ma ba a barinsa haka nan. Minoo Khaleghi ta lashe kujera a Isfahan a 2016, aka soke ƙuri'unta bayan an ƙirga.

Ga shi an samu haɗin kai. A 2020 masu ra'ayin riƙau suka cika zauren, kashi 42 da ɗoriya cikin ɗari ne suka fito zaɓe. A ranar 1 ga Maris 2024 aka samu kashi 41, mafi ƙanƙanta a zaɓen majalisa tun juyin juya halin 1979. Tsohon shugaba Mohammad Khatami ya zauna a gida. Babu turereniya a rumfuna, babu dogon layi a rana. Masu ƙorafin an kashe hamayya kuma su zo su gani: yanzu fafatawa tsakanin mai riƙau ne da wanda ya fi shi riƙau. Mohammad Bagher Ghalibaf, tsohon kwamanda a rundunar kare juyin juya hali kuma shugaban majalisa, na huɗu ya zo a Tehran, a bayan masu ganin shi ma ya yi laushi da yawa.

Majalisar da aka tace haka ba ta ɓata lokaci a gardama. Mahsa Amini ta rasu a tsare a hannun 'yan sandan ɗa'a a Satumban 2022, matasa suka cika tituna, aka harbe ɗaruruwa. Wakilan jama'a ba su tsaya tambayar wa ya ba da umarnin harbi ba. A watan Nuwamba 227 daga cikin 290 suka sa hannu kan takarda suna neman kotuna su hukunta masu zanga-zangar ba sassauci. Ranar 8 ga Disamba aka rataye Mohsen Shekari, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bayan shari'ar da ba ta kai wata uku da kama shi ba. Kwana huɗu bayan haka aka rataye Majidreza Rahnavard a bainar jama'a a Mashhad.