Bayani a kan kitsen sikalof, domin amfanin mazauna Trans-Amadi

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, nama a wurin masana kashi biyu ne: wanda ke jiƙa takardar da aka ƙunshe shi a ciki, da wanda ke barinta a bushe. Na farko shi ne tozo da kitsen ciki da balangun rago, kuma duk mahaucin da ya taɓa riƙe wuƙa a mahautar Silota ba ya buƙatar a yi masa sharhinsa. Kashi na biyu ne ke neman bayani, kuma limaminsa wata halittar teku ce da ake kira sikalof.

Dangi ce ta nesa ga isam da ngolo, waɗanda matan Fatakwal ke zubawa a miya. Tana zaune tsakanin ɓawo biyu masu siffar mafici. A gefen ɓawon akwai idanu ƙanana, a jikin wasu har 200, abin da ya wuce buƙatar duk wani mai gadi. Idan ta ga abokin gaba sai ta riƙa buɗe ɓawon tana rufewa da ƙarfi, ruwa ya fita, ita kuma ta yi gaba. Farar tsokar da ke wannan aiki ita ce ake ci. Wato duk kuɗin da mutum zai biya, ƙyauren gidan yake saye.

Wanda ya zauna Fatakwal ya san fuskarta ko da bai san sunanta ba. Ita ce a tambarin kamfanin Shell, ja da ruwan ɗorawa, wanda ya daɗe a kan kwalkwalin ma'aikata da ƙofar harabar Rumuobiakani, maƙwabciyar Trans-Amadi. Asalin abin, wani ɗan kasuwa mai suna Marcus Samuel ya buɗe shago a Landan a 1833, yana sayar da ɓawon halittun teku, 'ya'yansa suka koma harkar kananzir, kamfanin ya ɗauki sikalof a matsayin tambari a 1904, ya kuma haƙo mai a Oloibiri a 1956. Daga nan wasu ɗalibai suka yi ƙiyasi cewa halittar da aka naɗa ta wakilci mai dole ta kasance tana ɗiga. Wannan ƙiyasi ɓatacce ne, kuma ga hujja.

Bisa awon Ma'aikatar Noma ta Amurka, gram 100 na ɗanyen sikalof yana ɗauke da kitse kimanin rabin gram. Rabin gram. Naman sa mai ɗan maiƙo, a wannan awon, yakan kai gram 15 zuwa 20. Cokalin mai guda babba gram 14 ne, don haka wanda ke son tara kitsen cokali ɗaya daga sikalof sai ya cinye kusan kilo 3, ya kuma nemi wanda zai raka shi gida. Wanda ke son cika kwalbar manja ɗaya kuwa, lissafinsa ya haura kilo 130. Na yi wannan lissafi ne don kada a ce an zalunci halittar ba tare da shaida ba.

To me ke cikinta? Ruwa ne mafi yawa. Bayansa sai furotin, gram 12 a ɗanye, ya kai 20 idan an turara ruwan ya ragu. Akwai bitamin B12 mai taimakon jini da jijiya, da sinadaran seleniyam da fosfaras, da gishiri daidai gwargwado, tunda a cikinsa ta girma. Ɗan kitsen da take da shi ma irin na kifi ne, wanda likitocin zuciya ke yabo. Guzurin da ke tsokarta ba a kitse take ajiye shi ba, a wani nau'in sitaci ne da ake kira gilaikojin, shi ya sa naman ke da ɗan zaƙi. Dabbar da ke tara sitaci maimakon tozo, a ganina, ta zaɓi hanyar da babu dillalin Kara da zai tsaya mata.

Ta fuskar hukunci, malaman Malikiyya sun halatta abin da ke rayuwa a teku baki ɗaya, ba tare da yanka ba. Hanafiyya sun tsaya a kan kifi kaɗai. Saboda haka Bahaushen Trans-Amadi yana da izini, abin da ya rage masa ƙarfin hali ne da kuɗi, domin ba a kamo sikalof a rafukan Okirika. Masuntansa suna Hokkaido ta Japan da New Bedford ta Amurka, masu kiwonsa mafi yawa suna Sin, kuma kafin ya iso nan ya sha ƙanƙara da kuɗin jirgi. Wasu 'yan kasuwar can ma sukan jiƙa shi a ruwan sinadari don ya ƙara nauyi, dabarar da ba sai an fassara wa kowa ba a kasuwanninmu.

Saura mas'alar girki, wadda a nan ne malamai suka yi tuntuɓe. Bafaranshe yakan ɗauki wannan nama marar kitse ya soya shi a man shanu, wanda kashi 80 cikin 100 nasa kitse ne, ya riƙa kwarara masa narkakken man da cokali, sannan ya zauna ya ci yana cewa likita ne ya sa shi. Ba'amurke yakan naɗe shi da kitsen alade, wanda ya fita daga bahasinmu. Mai miyar masunta a Fatakwal, da za a miƙa mata shi, manja za ta fara ɗorawa kafin ta tambayi sunansa. Al'ummu uku da ba su yi shawara da juna ba sun cimma matsaya guda: halittar ta zo da giɓi, kuma wajibi ne a cike shi.

Mai tsire na bakin titi shi ma yana da fatawarsa. Zai tsire ta huɗu-huɗu, ya birkiɗe ta a ƙuli, ya shafa man gyaɗa sau biyu, ya ɗora a wuta minti biyu kowane gefe, domin in ta wuce haka sai ta koma roba. Idan mai saye ya ce, “Malam, a sa mini kitse,” sai a yanko masa daga na sa, a ƙara naira ɗari biyu.