Igwar Ƙarfe Ɗaya

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Edinbara, a Sikotland, shi ya matsa sai mun hau tsohuwar fadar garin. "Kawu, ka sa rigar sanyi," in ji shi. Na ce masa ba a zuwa fada a haka. Na zuba babbar riga ta shadda wadda ta sha guga, na kafa hula, muka kama titin Royal Mile.

Fadar tana bisa wani dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, ga gari shimfiɗe a ƙasa, ga teku can gaba. Muna shiga ƙofa iska ta yi mini maraba. Ta cika rigata fam, na koma kamar tantin biki da aka manta ba a ɗaure ba. Hannu ɗaya a hula, ɗaya a riga, haka na yi ziyarar.

Can sama muka iske wata ƙatuwar igwa mai suna Mons Meg. A 1457 aka ba Sarki James na Biyu ita kyauta. Nauyinta ya kai tan 6, harsashinta kuwa dunƙulen dutse ne mai kilo 150. Ina ganin bakinta na ja da baya.

"Kawu, ai ta fashe fiye da shekara 300, ba ta harbi."

Na ce, "Yaro, ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu."

Na gangaro na nemi wuri mai aminci, kusa da wata 'yar bindigar soja da aka kewaye, wadda ba ta ko ba ni tsoro ba. Sai ga mutane suna taruwa, kowa ya ɗaga waya ya nufo wajena. Na ce lallai Turawan nan sun san shadda. Na gyara tsayuwa, na yi murmushi.

Daram!

Jiki ya riga hankali. Kafin in gama salati ina kwance rub da ciki, hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, ina kiran yaron da ƙarfi: "Kwanta! Kwanta!" Jama'a kuwa tafi suke yi. Wata tsohuwa ta sunkuyo tana tambaya ko a kira likita.

Ashe tun 1861 ake harba bindiga a fadar nan da ƙarfe ɗaya na rana, ban da Lahadi da ranar Kirsimeti da Juma'ar Ista, asali don matuƙan jiragen ruwa a tashar Leith su daidaita agogonsu. 'Yan gari har ba'a suke wa kansu, wai ƙarfe ɗaya aka zaɓa saboda harbi goma sha biyu ɓarnar albarushi ce.

Yaron ya rantse ya faɗa mini tun a hanya, wai iska ce ta kwashe maganar. Amma hannun da ya kamata ya ɗaga ni, waya ce a cikinsa. Kafin in kakkaɓe riga, hoton ya isa zauren WhatsApp na dangi. Uwargida ce ta fara kira daga Kano. Ba ta tambayi gwiwata ba. Cewa ta yi, "Malam, shaddar ta yage?"